Igiyar Saulawa

SHAFI NA 19

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Masu turo mini saƙo tun da asuba wai na yi shiru, na gani, ban kuma ji haushi ba. Wayata ce ta kwana biyu a shagon caji, ba raini ba ne. Ke kuma da kika rantse in Rahmatu ba ta hau jirgi ba za ki daina karantawa, ki daure ki gama wannan shafin tukuna, sai mu yi faɗanmu daga baya.

Sababbin shigowa, sannunku. Labarin nan ƙirƙira ce, na zamanin da ƙasar nan take da shekara biyu da samun 'yanci.

Kwana goma sha biyu ke nan da 'yan doka suka ɗaure igiya a bakin hanyar Saulawa, ba shiga ba fita. Ciwon agana ya shigo gari a jikin Lado mai fataucin goro, aka rufe kowa da kowa, har da Rahmatu, wadda ta zo yi wa mahaifiyarta sallamar kwana uku kacal. Gwamnati ta zaɓe ta zuwa Ingila karatun jinya. Su kuma can, da suka ji annoba ta yaɗu, suka ce ba ɗalibin da zai sauka ƙasarsu sai da katin lamba, wato rigakafin agana, mai hatimi. Ta riga ta rasa jirgi ɗaya. Na biyun zai tashi daga Kano ranar Laraba, kuma wayar tangaraho ta faɗa ƙarara: in ba ta hau ba, gurbinta na wata ne.

Yau Litinin.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Rahmatu ta isa bakin igiya. Kanta na sarawa tun da ta tashi, ta ce rashin barci ne. Ina barci ga wadda jirgi ke jira?

Can ƙetaren igiyar, ƙarƙashin tsamiya, motar gyaɗar Kawu Tukur ce a tsaye. Ƙanin Inna ne, direba. Kullum sai ya taso daga Ikara ya tsaya inda 'yan doka suka ja masa layi a ƙasa, taku ashirin daga igiya, shi da Rahmatu su yi ta ɗaga murya kamar masu rigima.

"Rahmatu! An tashi lafiya? Ya Yaya Lantana?"

"Lafiya lau Kawu. Ya gajiya? Ya mutanen gida?"

"Duk suna gaishe ki. Ɗaga kanki ki gani!"

Ya nuna saman mota. Akwatin ƙarfenta ne shuɗi, wanda ta bari a gidansa. Ya kai wa mai fentin mota ya rangaɗa masa rubutu da fari: RAHMATU SAULAWA, INGILA. Har da 'yar fulawa a gefe, don Kawu ba ya yin abu rabi da rabi.

"Yau ba na juyawa sai da ke!" ya ce. "La'asar ta yi mana a hanya, magariba a Kano. Ko tayar motar nan za ta fashe, a kai zan ɗauke ki!"

Ta yi dariya, rabon da ta yi tun kafin igiya.

A cikin igiya, ƙarƙashin rumfar zana, Malam Istifanus malamin lamba yana shirya teburinsa. Mutumin kudancin Zariya ne, dogo, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ba ya dariya da yawa, ba ya kuma ƙarya ko ta wasa, shi ya sa mutanen gari suke jin nauyinsa.

"Malama Rahmatu, kin kwana lafiya?"

"Lafiya lau Malam. Ya aiki?"

"Da godiya. Takardar izininki ta iso daga ofis jiya. Ki dawo bayan azahar in sabunta miki lamba, in buga hatimi, ki wuce abinki."

"Malam, ba sai na jira kwana takwas ba ko? Na ji wani ɗan doka yana faɗa, gabana ya faɗi."

"Kwana takwas na wanda bai taɓa yi ba ne, sai an ga ta kama. Mai tsohon tabo kuwa, ranar da aka sabunta masa katinsa ya fara aiki. Nuna mini in sake gani."

Ta naɗe hannun rigarta na hagu. Ga shi nan a dantse, zagayayye, bai fi faɗin anini ba. Ya leƙa ta saman tabarau, ya gyaɗa kai.

"Ruwan lambar ya rage kuwa?" ta tambaya.

"Na mutum tara. Ɗaya naki. Takwas ɗin da yamma zan wuce da su Gubuchi, can ma ta ɓulla. Nan na gama. Garinku ya ba ni mamaki, kusan kowane yaro da tabonsa, sai dai in ce ya koma gefe."

Ya cire tabaran ya murza idonsa.

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Indo."

"'Yar Lado?"

"Ita. Jiya ƙuraje suka feso mata, har cikin baki. Kuma tana da tabo. Da idona na gani, da bakina na ce ta koma gefe. Shekarata goma sha huɗu a aikin nan, ban taɓa ganin ya kama mai tabo haka ba."

Rahmatu ta sauke hannun rigarta. Ta san Indo sarai. Lokacin da kowa ya guji ɗakin Lado, ita ce ta shiga tana ba shi ruwa tana sauya masa shimfiɗa har ya cika, don tana da tabo, ba abin da zai same ta. Indo kuwa tana bakin ƙofa kullum, 'yar shekara shida, tana tambaya yaushe Baba zai tashi.

"Allah ya ba ta lafiya," ta ce.

"Amin. Bayan azahar, kar ki makara."

Ta kama hanyar gida da sauri, tana lissafin abin da za ta sa a jiki. Tana shiga zaure ta ji ƙaurin gawayi, ga kukan jariri yana fitowa daga madafa. Babu jariri a gidansu. Amma Inna Lantana ungozoma ce, rabin garin nan a hannunta suka faɗo, don haka kukan jariri ba baƙon abu ba ne.

Ta yi sallama. Ba a amsa ba.

Ta leƙa.

Azumi matar maƙwabcinsu ce durƙushe, ta danne ɗanta ɗan wata bakwai a cinya, ta miƙar da hannunsa na hagu. Inna na tsugune gaban kasko, riƙe da awartaki. A bakin awartakin akwai wata ƙatuwar ƙusa, kanta ya yi jajur. Gefe ga sakaina da farin ruwan tumfafiya a ciki.

"Inna!"

Ƙusar ta faɗi cikin toka.

"Inna, mene ne wannan? Me za ku yi wa yaron nan?"

Azumi ta sungumi ɗanta ta miƙe.

"Wallahi ni na roƙe ta. Malamin can ya ce duk jaririn da ba shi da tabo a kai shi, shi ya sa nake ta ɓoyon wannan. Ni ba zan kai nawa a tsaga shi ba. Cewa na yi ta yi masa irin na yayyensa..."

"Irin na yayyensa?"

Azumi ta dubi Inna, ta ga ta yi ɓaramɓarama. Ta saɓa yaron a kafaɗa ta fice ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Suka rage su biyu. Rahmatu ta dubi ƙusar, ta dubi faɗin kanta. Faɗin anini. A hankali ta naɗe hannun rigarta, ta dubi dantsenta, ta sake duban ƙusar.

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da hannuna ya yi sanyi a nan.

"Inna, ki ce mini ba abin da nake tunani ba ne."

Inna ta kau da ido. Ta ɗauki tsinke tana tona toka.

"Inna, magana nake yi miki."

"Ki rage murya, katanga ba ta da tsawo."

"Wa ya yi mini wannan tabon?"

"Ni."

"Da me?"

"Da abin da kika gani."

Rahmatu ta nemi turmi ta zauna.

"Kenan ba a taɓa yi mini lamba ba."

"Ba a taɓa ba."

"A makaranta da aka jera mu, aka ce masu tabo su koma gefe, na koma gefe. A asibitin da na yi koyon aiki, na koma gefe. Inna, na shiga ɗakin Lado! Da hannun nan na wanke masa baki! Kina kallo na shiga, ba ki ce komai ba!"

"Na hana ki."

"Cewa kika yi ba kyau budurwa ta yi jinyar namiji! Ba ki ce mini ƙusa ce a hannuna ba!"

Sai a lokacin Inna ta ɗago. Idonta ya kaɗa ya yi ja, amma babu hawaye.

"Kin san yadda yayanki ya tafi?"

Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ko yana raye ba za ta faɗa ba, balle yanzu. Uwaisu sunansa, Rahmatu ba ta san shi ba sai a bakin mutane.

"An ce zazzaɓi ne."

"Zazzaɓi," Inna ta maimaita. "Shekararsa biyu, ya fara gudu, ba ya zama wuri ɗaya. Aka yi shela a kai yara ƙofar dagaci. Ni na fara kai nawa, don in nuna wa mata ba abin tsoro ba ne. Da wuƙa ɗaya aka tsaga su duka, ko gogewa ba a yi. Kwana uku hannunsa ya kumbura har kafaɗa. Kwana tara na yi ina riƙe da shi yana kallona, ya kasa ko kuka. Na goma aka karɓe shi daga cinyata."

Rahmatu ta rufe ido.

"Da aka dawo shekarar da kike da uku, aka ce duk wadda ta ɓoye yaro sai gidan yari. Ban ɓoye ki ba. Na lura ba komai suke dubawa ba sai hannu. Sai na ba su abin da suke son gani. Kin yi kuka na wuni ɗaya, na ɗiga miki tumfafiya don ya yi gurbi, shi ke nan. Kin rayu. Ga ki nan."

"Sauran fa?"

"Mata suka gani, suka roƙa. Ban taɓa karɓar ko goro a kai ba."

"Indo?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Inna, Indo?"

"Ni na yi mata. Tana da wata goma."

Nan muryarta ta karye.

"Tun jiya da na ji, abinci bai shiga cikina ba. Yarinyar nan Azumi tun safe take nan. Sau uku ina gasa ƙusar tana hucewa a hannuna, na kasa ɗora ta. Ban san me nake yi ba kuma, Rahmatu. Da na ɗauka ceto nake yi."

Ni dai ban san yadda zan yi da Inna Lantana ba. Haushinta nake ji har wuya, kuma tausayinta ya hana ni zaginta. Ku da kuka iya yanke hukunci, ga ta nan.

Rahmatu ta miƙe.

"Zan je in faɗa wa Malam Istifanus."

Inna ta yi wuf ta riƙe mata zani.

"Ba za ki je ba."

"Da yamma zai tafi Gubuchi da sauran ruwan lambar. Ya ɗauka ya gama da garin nan."

"Ki saurare ni. Ki je ki miƙa masa hannu. Ai ta gaske zai yi miki yau, za ta shiga jikinki. Ya buga miki abin nan, ki bi kawunki. Ranar Laraba in jirginki ya tashi, ni da ƙafata zan je gaban dagaci in faɗa. Su ɗaure ni, su kai ni Zariya, ban damu ba."

"Laraba babu sauran ruwa."

"A aiko da wani."

"Kwana tara aka yi kafin wannan ya iso."

"To a yi tara!" Inna ta daka mata tsawa. "Ke kaɗai gare ni! Shekara nawa kina karatu? Ubanki ya rasu ana yi masa gorin ya kai mace makaranta, ni na shanye sauran gorin. Yanzu kwana biyu ya rage, ki zubar a ƙofar gida? In kin buɗe baki, kwana takwas zai ce. Jirgin zai jira ki ne?"

"Ba zai jira ba."

"To ki yi shiru. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙe ki."

"Su nawa ne, Inna?"

Inna ta saki zanin.

"Su nawa kika yi wa?"

"Ki je ki yi wanka, rana na yi."

Ta yi wankan. Ta yi sallar azahar, ta daɗe a zaune a kan tabarma. Ta sa rigar da aka ɗinka mata don tafiya, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki jakar takardunta. Inna na tsaye a tsakar gida. Rahmatu ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yafe mini."

"Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya tsare hanya, ya ba da abin da aka je nema."

Inna ta ɗauka gafarar tafiya ake nema. Ita kanta Rahmatun, da za ka tsare ta a zaure ka tambaye ta, ba ta san wacce take nema ba.

Hanyar bakin igiya ba ta da nisa, amma ranar ta yi mata tsawo. Duk ƙofar da ta wuce sai yara su leƙo. "Anti Rahmatu za a tafi Ingila!" "A sayo mana alewa!" Yawancinsu ba riga, ga dantsensu a waje. Ta yi ƙoƙarin kada ta duba, idonta ya ƙi. Wannan da tabo. Wancan da tabo. Duk faɗinsu ɗaya, duk a wuri ɗaya, kamar an buga da hatimi. Da can in ta gani daɗi take ji, tana cewa garinsu ya waye.

A ƙofar gidan Lado ta ji muryar uwar Indo daga ciki tana ta kiran sunan yarinyar.

Na san abin da wasunku ke cewa yanzu, don na san halinku. Wai ta bari a buga hatimin tukuna, ta tsallaka igiya, sannan ta juyo ta faɗa. Ita ma ta yi wannan tunanin, har sau biyu. To amma wa ya yi tabon? Uwarta. Tambayar farko da Malam Istifanus zai yi ita ce, ke fa? Kuma sa hannunsa ne zai zauna a kan ƙarya, mutumin da bai ci mata komai ba. Ba wata ƙofar baya a maganar nan. Ko ta yi shiru gaba ɗaya, ko ta faɗa gaba ɗaya.

Mutane sun taru a bakin igiya don ganin tafiyarta. Kawu Tukur na hango ta ya haye mota ya tayar, ya danna oda sau uku, yara suka yi ta ihu.

Malam Istifanus ya buɗe katin a kan tebur, mai ruwan ɗorawa, sunanta a sama. Ya cika kwanan wata. A layin da aka tambaya ko ta farko ce ko sabuntawa, ya rubuta sabuntawa da kyakkyawan rubutunsa, ya sa hannu.

"Bari in buga tun hannuna bai jiƙe ba, sai in yi miki," ya ce.

Ya danna hatimin a tawada. Ya ɗaga.

Rahmatu ta ɗora tafin hannunta a kan katin.

"Malama?"

Ta hango akwatinta a saman mota, farin fentin yana ƙyalli a rana.

"Malam, kar ka buga."

"Wani abu na rubuta ba daidai ba?"

"Wannan ba lamba ba ce." Ta naɗe hannun rigar. "Ƙuna ce. Da kan ƙusa aka yi. Ba a taɓa yi mini lamba ba."

Wurin ya yi tsit, sai ƙugin motar Kawu.

Malam Istifanus ya ajiye hatimin a hankali. Ya gyara tabarau, ya jawo dantsenta cikin haske, ya shafa tabon da babban yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Gefensa ya cika santsi," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ya Allah. Indo."

"Ita ma."

"Kin san abin da kika yi yanzu? In na yi miki yau, ta farko ce. Kwana takwas. Jirginki Laraba."

"Na sani."

"Ba zan iya rubuta abin da ba shi ba ne."

"Ban ce ka rubuta ba, Malam. Kar dai ka tafi Gubuchi."

"Su nawa ne?"

"Ban sani ba."

"Wa ya yi?"

Wannan kam bakinta ya ƙi.

"Talatin da ɗaya ne, har da ita."

Kowa ya juya. Inna Lantana ce tsaye a bayan taron, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Ashe ta biyo ta. Ta ratso mutane har gaban tebur, ta kwance bakin zaninta, ta ajiye ƙusar kusa da hatimi.

"Ni na yi, ɗana. Na san su duka, da sunan iyayensu da gidajensu. Ɗauki alƙalaminka."

Wuri ya kaure. Wata mata ta fasa ihu ta sungumi 'yarta. Wani dattijo yana ta salati. Maza suna tambayar matansu, matan suna kallon ƙasa. Ɗan doka ɗaya ya matso ya kama hannun Inna.

"Sake ta!" Malam Istifanus ya daka masa tsawa, abin da ba a taɓa ji ya yi ba. "In ka tafi da ita wa zai nuna mini gidajen? Na mutum tara gare ni, yara talatin. Hau keke ka tafi Ikara, ka ce a buga waya a ƙaro ruwa yau ɗin nan. Maza!"

Inna ba ta dubi ɗan dokan ba. 'Yarta take kallo.

"Kin zubar," ta ce a hankali.

"Na zubar, Inna."

Can ƙetare Kawu Tukur ya kashe mota ya diro.

"Lafiya? Me ake jira? Rahmatu, rana na faɗuwa!"

Ta taka har jikin igiya ta riƙe ta da hannu biyu. Taku ashirin ne tsakaninsu.

"Kawu, ka sauke mini akwatin."

"In sauke? Kin san me kike faɗa?"

"Ka sauke. Ba inda za ni."

Ya tsaya yana kallonta, yana kallon yayarsa, yana kallon taron. Bai fahimci komai ba, amma ya ga fuskarta. Ya hau ya kwance akwatin, ya ɗauko a ka. Ya tsallake layin da aka ja masa, ba ɗan dokan da ya iya hana shi. Ya ajiye a ƙasa, ya tura shi da ƙafa ta ƙarƙashin igiya, sannan ya juya da sauri yana goge fuska da hularsa.

Akwatin ya tsaya a gabanta, ƙura ta rufe rabin rubutun.

A nan kuka ya ƙwace mata. Ba na jarumta ba, kuka sosai, irin na wadda ta san abin da ta rasa kuma ta san ba ya dawowa. Ta yi ta yi har ta gaji, ba wanda ya ce ta yi shiru.

Malam Istifanus ya yaga katin biyu, ya ɗauko sabo.

"Zo ki zauna, Malama. Da ke zan fara."

"Ka fara da jarirai, Malam. Ɗan Azumi wata bakwai gare shi."

"Ke kika shiga ɗakin Lado. Da ke zan fara, kuma ba shawara nake nema ba."

Ta zauna a benci ta miƙa hannu. Ya jiƙa auduga, ya kama dantsenta zai goge.

Sai ya tsaya.

Ya saki audugar. Ya ɗora bayan hannunsa a goshinta, ya sauke a wuyanta. Ta ga fuskarsa ta sauya.

"Yaushe kika fara shiga ɗakin Lado?"

"Kwana ɗaya kafin a ɗaura igiya."

Ta ga leɓensa na motsi, yana ƙirga kwanaki. Inna ta matso, hannunta a ƙirji.

"Ɗana, mene ne? Me ka ji a jikinta?"

Bai ɗauke ido daga kan Rahmatu ba.

"Malama Rahmatu," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "tun yaushe kanki yake ciwo?"